Sima Qian: Malamin Tarihin da Ya Zaɓi Dandaƙa Don Ya Gama Littafi

Daga babbar kasuwar Onitsha zuwa shagunan Hausawa na Fatakwal da Inugu, kayan Sin sun cika ko'ina. Amma ba kowane ɗan kasuwa ya san cewa fiye da shekara 2,000 da suka wuce wani malamin fadar ƙasar ya ware wa fatake babi guda a littafin tarihi ba.

Sunansa Sima Qian. Mahaifinsa, Sima Tan, shi ne mai kula da lissafin taurari da kundayen fada a zamanin Sarki Wu na daular Han. Da ajali ya zo masa a shekara ta 110 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai ya bar wa ɗansa wasiyya: ya ƙarasa tarihin da ya fara. Ɗan ya gaji muƙamin, ya duƙufa.

A shekara ta 99 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka samu matsala. Wani sarkin yaƙi, Li Ling, ya fita da dakaru 5,000, makiyayan Xiongnu suka yi musu ƙawanya, ya miƙa wuya. Fadawa suka yi masa ca; Sima Qian ya tashi ya kāre shi. Sarki ya fusata, aka yanke wa malamin hukuncin kisa. Mafita biyu ce: ya fanshi kansa da kuɗi, ko a dandaƙe shi. Kuɗi babu. Manyan wancan zamani sukan gwammace mutuwa da wannan wulaƙanci, amma shi ya haɗiye, saboda littafi bai kammalu ba.

Littafin, Shiji, babi 130 ne. Tarihin Kano jerin sarauta ya bi tun daga Bagauda. Shi kuwa Sima Qian, bayan labarin sarakuna, ya ware babi 70 ga rayuwar mutane da maƙwabtan ƙasashe: malamai, likitoci, wawayen sarki, 'yan ina-da-kisa, da attajiran da suka yi arziki da gishiri da ƙarfe da kiwo.

Jikansa Yang Yun ne ya fito da littafin fili bayan rasuwarsa. A 1917 masani Wang Guowei ya gwada jerin sarakunan daular Shang da ke ciki da rubutun tsofaffin ƙasusuwan da aka tono a Anyang, sunaye da yawa suka zo daidai.