Buhu Mai Suna: Yadda Kayan Yankin Bakalori Za Su Fita Daban a Kasuwa

Tambarin kaya shi ne suna da alama da kamannin da mai saye ke gane hajar wani da su a cikin tarin ire-irenta. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin a san buga leda, mahauci na da sunansa, maƙeri na da irin ƙirarsa, kuma ana tsallake rumfa biyar a je ta shida saboda an san tiyar mai ita ba ta da ha'inci. Sai dai irin wannan suna a bakin mutane yake zaune. Da zarar kaya sun hau mota sun bar garin, sunan ya tsaya a tasha.

Yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun ya ishi misali. Madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, an tsara ta ne don ban ruwan kimanin hekta 23,000, kuma duk da matsalolin da aikin ya sha fama da su, ita ta mayar da yankin cibiyar noman rani a Zamfara. Kowace Talata, amfanin gona daga ƙauyuka irin su Ruwan Gizo na haɗuwa a kasuwar Mafara, a kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato, fatake su loda su yi gaba. Mafi yawan shinkafar da ke fita daga nan a buhun da babu rubutu take tafiya, ko kuma a tsohon buhun wani kamfani da aka wanke. Uwargidan da ta dafa ta a Zariya ko Kaduna ta ji daɗinta ba ta da sunan da za ta ba ɗan aike in ta tashi sake saye. Iyakarta ta ce "'yar Hausa", wanda suna ne da ya haɗa mai kyau da mai tsakuwa a kwano ɗaya.

Tarihi ya nuna tsadar irin wannan rashi. Shekaru aru-aru ana jeme fatar jan akuyar Sakkwato a ƙasar Hausa, ayari ya ƙetara Sahara da ita, amma a Turai da sunan Maroko aka san ta, domin ta can ta bi ta isa hannunsu. Aikin na wasu, sunan na wasu. A ɗaya gefen kuma akwai albasar Galmi ta Jamhuriyar Nijar, wadda sunan garinta ya bi ta har kasuwannin Abijan da Akara, ana nemanta da shi.

Tambari daga cikin buhu yake farawa, ba daga bayansa ba. Abin da ya daɗe yana kayar da shinkafar gida a gaban 'yar waje shi ne tsakuwa da ƙura da gauraya iri biyu ko uku masu nuna daban-daban a tukunya. Matar da ke turara shinkafa ta shanya a ƙasa, komai ƙwarewarta, tsakuwa za ta shiga. Shimfiɗa tamfol, ware iri guda, da bi ta injin cire tsakuwa su ne matakin farko, kuma sun fi kowane zane muhimmanci. Sanya suna a kan kayan da yau kyau gobe akasin haka, nuna wa mai saye ne abin da zai guje wa. Awo ma haka: buhun da aka rubuta masa kilo 25 ya cika kilo 25 kullum.

Sai suna. Gajere ya fi, wanda za a iya faɗa a waya ba tare da maimaitawa ba, kuma wanda ba kwaikwayon na wani kamfani ba ne. Sunan gari ko na gulbi na da ƙarfi domin yana faɗa wa mutum asalin abin da zai ci. Ana yawan kuskuren ɗauko doguwar Turanci da zaton ita ce wayewa, alhali masu sayen ba da ita za su kira kayan ba. Jama'a da hoto suke sa wa kaya suna, shi ya sa ake cewa a sayo magi mai tauraro. Don haka alama guda bayyananniya, da launi ɗaya ko biyu da ba a canzawa, sun fi tarkacen ado amfani. Rubuta sunan da boko da ajami a gefe guda dabara ce mai arha da ba kowa ke tunawa da ita ba.

Lambar waya a jikin buhu ta zama wajibi a wannan yanki musamman. Matsalar tsaro ta sa wasu masu sari rage bin hanya; sai su kira, su tura kuɗi ta banki, a sa musu kaya a mota. Wanda bai ga kaya da idonsa ba, suna yake saye. Hoton buhu mai tsabta a WhatsApp ko Facebook na yin aikin da dillali ke yi a da, kuma ba ya karɓar la'ada.

Ta fuskar hukuma, abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC take, ita ke ba da damar buɗe asusun banki da sunan sana'a. Wannan ba ta hana wani kwaikwayon alama; kare alama sai an yi rajistarta daban a ofishin tambura da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya, inda rajistar farko ke ɗaukar shekara 7 kafin a sabunta. Lambar NAFDAC kuwa ta shafi abincin da aka sarrafa aka ƙulle, kamar man gyaɗa da garin kunu da yaji, kuma manyan kantunan birni sukan nemi ganinta kafin su karɓi kaya.

Cikas mafi girma shi ne kuɗi. Masu buga buhu ba sa karɓar aikin guda ashirin, injin cire tsakuwa kuma ya fi ƙarfin mace ɗaya mai turara buhu biyu a mako. Manyan kamfanoni irin su Labana a Birnin Kebbi da Umza a Kano sun riga sun kafa sunayensu, musamman bayan rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 ya ƙara wa shinkafar gida kasuwa. Ƙaramin mai sana'a ba zai yi gogayya da su ta yawa ba. Hanyar da ta fi dacewa da shi ita ce ƙungiya: mutum goma sha biyar ko ashirin su haɗa kuɗi, su yi alama guda, su amince da iri guda da awo guda, su naɗa mai duba kowane buhu kafin a ɗinke. Mai ƙaramin jari kuma zai iya farawa da leda ta kilo ɗaya ko biyar da takardar liƙawa da aka buga a Gusau, ya kai wa masu shago da masu sayar da abinci su gwada, kafin ya kai ga buga buhu nasa na kansa.