"Choose": kalmar Ingilishi da ke rikita masu jin Faransanci

Dokar sake gina ƙasa da aka wallafa a watan Maris na 2025 ta mayar da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ta kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan ya ƙara wa Ingilishi daraja ga ɗaliban Ajekoriya, cikin gundumar Dakoro, masu shirin jarrabawar BEPC, da ƴan kasuwar yankin da ke bi ta Maradi zuwa Katsina da Kano.

Cikin kalmomin da ake yawan tuntuɓe a kansu akwai "choose", wato zaɓa, abin da Faransanci ke ce wa "choisir". Ana faɗinta kamar "cuuz".

Kalmar ba ta ɗaukar "-ed" in aikin ya wuce, don haka "choosed" kuskure ne. Siga uku gare ta. "I choose" na nufin ina zaɓa, "I chose" na zaɓa jiya ko bara, "I have chosen" kuma na riga na zaɓa. Shi abin da aka zaɓa, ko damar zaɓin, "choice" ne.

Babban tarkon yana wajen "chose". Ɗalibin da ya fara da Faransanci tun firamare ya san ta da ma'anar "abu", yana karanta ta "shoz". A Ingilishi kuwa "cooz" ake cewa, kuma aiki ce da ya wuce. Harafin "o" guda ɗaya ne ya raba yau da jiya, kuma a kansa ake asarar maki.

Akwai kuma ƙananan kalmomin da ke bin ta. Manomin da ke tunanin gero ko dawa zai ce "choose between millet and sorghum". In kayan suna da yawa, "choose from" ake cewa. Wanda ya ga damar zama gida, "he chose to stay", a inda Faransanci ke sa "de".

Hausa na cewa "zaɓe" har a siyasa, amma Ingilishi ya ware: jefa ƙuri'a "vote", ɗora mutum kan kujera "elect". A allon salula kuwa "select" aka fi gani. Yanke shawara bayan dogon nazari shi ne "decide".

Hanya mafi sauƙi ga ɗalibi ita ce haddace sigogin uku a jere, da babbar murya, sannan ya gina jimla guda da kowace.