Yadda Saƙonni Iri-Iri Ke Tafiya Cikin Ƙwayoyin ATM

A ƙarshen shekarun 1980 ne kwamitin ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idojin tarho, wato CCITT, ya amince da wani tsarin sadarwa da ake kira ATM (ba na'urar cire kuɗi ta banki ba). A wannan tsari, duk bayanin da za a aika, murya ce ko hoto ko rubutu, sai an daddatsa shi zuwa gutsattsari masu girma ɗaya da ake kira ƙwayoyi. Kowace ƙwaya bayit 53 ce: biyar na kai, masu nuna hanyar da za ta bi, sauran 48 kuma na kaya. Shi wannan adadi na 48 sulhu ne kawai. Amurka ta nemi 64, Faransa da wasu ƙasashen Turai suka nemi 32, sai aka raba gardama a tsakiya.

To, amma kwamfutoci ba da ƙwayoyi suke magana ba. Ƙunshi-ƙunshi suke aikawa, wani dogo wani gajere, kuma kowane rukuni da ƙa'idarsa: a wancan lokaci akwai IP ta intanet, da IPX ta kamfanin Novell, da AppleTalk. Kan ƙwaya kuwa ba shi da gurbin da zai faɗi irin kayan da aka ɗauko.

Aikin daddatsawa wani mataki ne mai suna AAL5 ke yin sa. Yakan liƙa wa ƙunshi wutsiya ta bayit takwas, wadda ke ɗauke da tsawonsa da lambar binciken kuskure, sannan ya ƙara ciko har jimillar ta rabu 48-48 ba saura. Ƙwaya ta ƙarshe akan yi mata alama a kai, domin mai karɓa ya san ƙunshi ya kammala. Idan ƙwaya ɗaya tak ta ɓace a hanya, ƙunshin duka ya lalace ke nan.

Saura tambayar ko na wace ƙa'ida ne. A 1993 wani injiniya ɗan ƙasar Finlan, Juha Heinanen, ya fitar da takardar RFC 1483, inda ya shimfiɗa dabaru biyu. Ta farko ita ce a sa wa kowane ƙunshi laƙabi a gaba, ta yadda ƙa'idoji da yawa za su bi hanya guda. Laƙabin ƙunshin IP bayit takwas ne, yana ƙarewa da lambar 0800. Ta biyu ita ce a buɗe wa kowace ƙa'ida hanyarta daban, sai ya zama hanyar ce da kanta ke bayyana abin da ke cikinta.

Mai karatu zai iya cewa bayit takwas ba komai ba ne. Ga dogon ƙunshi haka ne: mai bayit 1,500 ƙwaya 32 yake ci, da laƙabi ko babu. Amma a duba ɗan saƙon da kwamfuta ke mayarwa don shaida cewa kaya sun iso, wanda mafi ƙanƙantarsa bayit 40 ne. Idan aka haɗa da wutsiya ya zama 48, ya cika ƙwaya ɗaya cif. Da zarar an sa laƙabi ya koma 56, dole sai ƙwaya biyu, wato bayit 106 domin ɗaukar 40, ta biyun kuwa kusan duk ciko ce. Irin waɗannan ƙananan saƙonni suna da yawan gaske a intanet, saboda haka asarar ba ƙarama ba ce. Duk da haka dabarar laƙabi ta samu karɓuwa sosai, domin buɗe hanyoyi barkatai yana da tsada da wahalar kulawa.

A 1999 RFC 2684 ta maye gurbin takardar farko. Da waɗannan dabaru ne layukan ADSL suka riƙa kai intanet gidaje ta wayar tarho shekaru da dama, kafin Ethernet da MPLS su ture ATM daga manyan hanyoyin sadarwa.