Wasan bolin: Idan yaro ya ce gasa yake son shiga

A hutun da ya wuce na je gaishe da yayata a Mubi, na tarar yaran gidan sun jera robobin ruwa goma a tsakar gida, kowace an zuba mata yashi zuwa rabi, suna gangara tsohuwar ƙwallo suna ture su. Babbansu, ɗan shekara 14, yana riƙe da littafi yana rubuta maki. A waya suka ga wasan. Sunansa bolin, kuma yaron ya riga ya shaida wa uwarsa cewa shi gasa yake son shiga. Ita kuwa tambaya biyu ta yi mini: wasa ne ko caca, kuma nawa zai ci?

Bolin wasa ne na cikin ɗaki. Ana jera kwalaben katako goma a ƙarshen wani dogon dandamali mai santsi, tsawonsa ya ɗan haura mita 18, faɗinsa kuwa mita ɗaya da 'yan kai. Ɗan wasa zai gangara ƙwallo mai nauyi, wadda ke da ramukan saka yatsu, don ya kayar da su. A Amurka aka tsara dokokinsa a birnin Niyok a 1895. Ba ya cikin wasannin Olamfik, an dai nuna shi a gasar Seoul ta 1988, amma ƙasashen Asiya sun riƙe shi da muhimmanci. Shalin Zulkifli ta Malesiya ta doke maza ta lashe gasar World Tenpin Masters a 2001, saboda haka mai 'ya mace kada ya ce wannan zance bai shafe shi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin maki. Zagaye goma ake yi, kowanne da jifa biyu. Wanda ya kwashe kwalaben duka da jifa ɗaya yana samun goma, a ƙara masa abin da ya samu a jifa biyu na gaba. Wanda ya kwashe su da jifa na biyu yana samun goma, a ƙara masa na jifa ɗaya na gaba. Maki mafi yawa 300 ne, kuma sai an kwashe duka sau 12 a jere ake kai wa nan.

To, ga inda darasin yake. A ce yara biyu kowannensu yana kayar da tara a jifan farko, kowane zagaye. Na farko ya ji haushin guda ɗayan da ya rage, ya yi jifa na biyu da gaggawa ya kuskure: zai tashi da 90. Na biyu ya natsu ya ɗauke wannan gudan kullum: zai tashi da 190. Ƙarfinsu ɗaya, bambancin maki 100 ya fito ne daga yadda kowa ya yi da kuskurensa. Yaron da ke saurin fushi, ko wanda ke gudun lissafi a aji, ba ƙaramin amfani zai samu a nan ba. Na ga ɗan yayata yana haɗa lambobi da ka, abin da malaminsa ya daɗe yana fama da shi a kai.

Ta fuskar lafiya, babban abin lura shi ne nauyin ƙwallo. Mafi nauyi da doka ta yarda da ita ta ɗan haura kilo 7, kuma samari na son ɗaukar ta don nuna bajinta. Masu koyar da wasan kan ce a fara da kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin jiki, wato yaro mai kilo 40 ya tsaya a kilo 4. Ƙwallon da ta fi ƙarfin yaro, ko wadda ramukanta ba su dace da yatsunsa ba, ita ke jawo ciwon wuyan hannu, babban yatsa, kafaɗa da ƙugu. Gwiwar ƙafar da ake zamewa a kanta ma tana shan wahala. Ciwon da ya kwana biyu bai lafa ba, a je asibiti, kada a tsaya shafa man zafi. Takalman wasan kuma na haya ne, ƙafafu da yawa sun shiga, don haka a tafi da safa mai tsabta.

Kada kuma a ɗauka bolin ya wadatar a matsayin motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 kullum na motsa jikin da ke sa numfashi ya ɗaga. A bolin rabin lokacin zama ne ana jiran layi. Ƙwallon ƙafa, keke da langa suna nan da aikinsu.

Batun kuɗi ne mai ɗaci. Dandamalin gaske yana buƙatar injin jera kwalabe, wuta ba yankewa, da wani mai na musamman da ake shafa masa, wanda ƙwararru ke karanta yadda ya kwanta kafin su yi jifa. Shi ya sa a Najeriya sai a wuraren shaƙatawa na manyan birane irin su Abuja da Legas aka fi samunsa, kuma kowane wasa da kuɗinsa. Gasa tana son atisaye kowane mako. Fitaccen ɗan wasan Ostireliya Jason Belmonte, mai jifa da hannu biyu, ya fara tun yana ɗan jariri ne domin iyayensa ke da gidan bolin. Yaron da ke Mubi ba shi da wannan gata, kuma gara a faɗa masa gaskiya da a yi masa alkawarin da ba za a cika ba.

Caca kuwa ba ta cikin dokokin wasan, shigo da ita ake yi. Duk wanda ya san teburan sunuka na unguwanni ya san yadda take farawa: yau wanda aka ci shi zai biya kuɗin tebur, gobe an ɗora naira 200, jibi kuɗin cefane ya ɓata. Robobin yashi ma ba su fi ƙarfin wannan ba. Iyaye su san da wa yaro ke wasa, kuma su sa ido ko kuɗi na sauya hannu.

Shawarar da muka yanke da yayata ita ce a bar gasar a tsakar gida, bayan la'asar, ƙannensa mata su shiga, maki a rubuce, ba ko sisi a kai. Idan ya riƙe littafin makin har ƙarshen zangon karatu kuma sakamakonsa bai sauka ba, zan kai shi ya taɓa ƙwallon gaske ranar da tafiyar Abuja ta kama. Ya roƙi a ba shi mai kilo 7. Na ce masa mai kilo 4 zai ɗauka.