SHEKARAR 1953: DA KANO TA GIRGIZA, NIJERIYA TA SAKE TSARI

Dattawan Kano ba su manta da shekarar 1953 ba, domin a cikinta ne birnin ya ga tarzomar da ta sauya tsarin mulkin Nijeriya, kuma a ƙarshenta ya yi rashin Sarkinsa.

A lokacin nan Kano ita ce cibiyar cinikin Jihar Arewa. Tun da jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa da fatu suka riƙa gangarawa Ikko, baƙi kuwa daga Kudu suka cika Sabon Gari, akasarinsu akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan tireda. Unguwar Fagge tana tsakaninsu da ganuwar birni. Kasuwa ta haɗa jama'ar nan, amma kowa da unguwarsa da makarantarsa da wurin ibadarsa.

Asalin fitinar daga Ikko ta taso. Ran 31 ga Maris, Mista Anthony Enahoro na jam'iyyar Action Group ya kawo batu gaban Majalisar Wakilai, yana neman a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya nemi a cire shekarar, a ce sai lokacin da ya dace, saboda Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilmin zamani da za su riƙe ofisoshinta. Wakilan Kudu suka fice daga majalisa, 'yan gari kuma suka bi wakilan Arewa da ihu da zagi. Wannan wulaƙanci ya yi wa mutanen Arewa ciwo ƙwarai.

Ana cikin haka sai Action Group ta aiko da tawaga ƙarƙashin Cif S. L. Akintola don ta yi lacca a Kano. Hukuma ta hana taron, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ran Asabar 16 ga Mayu faɗa ya ɓarke a bakin Sabon Gari, aka yi kwana huɗu ana ɗauki ba daɗi, ana ƙona rumfuna, ana wasoso. Sai da aka kafa dokar ta-ɓaci aka kawo soja kafin ƙura ta lafa. Bisa ƙidayar gwamnati mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Abin takaici, yawancin 'yan Kudun da abin ya rutsa da su Ibo ne, alhali jam'iyyar da ta kawo laccar ƙarfinta yana ƙasar Yarbawa.

Kafin watan ya ƙare, majalisun Arewa a Kaduna suka amince da shawarwari takwas, waɗanda suka nemi kowace jiha ta riƙe kusan dukan al'amuranta. Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka na Ingila, Oliver Lyttelton, ya ga cewa tsarin mulkin Macpherson na 1951 ba zai kai labari ba. Ya kira shugabannin jam'iyyu taro a Landan cikin Yuli da Agusta. Daga taron nan aka sami tsarin tarayya na 1954, wanda ya ba jihohi uku iko mai yawa.

Cikin watan Disamba kuma Allah ya yi wa Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero rasuwa, bayan shekara 27 a gadon sarauta. Ɗansa, Ciroman Kano Muhammadu Sanusi, ya gaje shi.

Ya kamata ma'aikata da ɗalibai su lura da yadda abin ya gudana. Shugabanni ne suka yi musu a majalisa, amma waɗanda suka rasa rayukansu talakawa ne da ke cin kasuwa ɗaya. Shugabannin nan daga baya sun zauna teburi guda a Landan sun daidaita cikin mako uku. Da an yi wannan zama tun watan Afrilu, da wataƙila ba a zubar da jini a Kano ba.