Ƙarfafa tsohon shafe a gine-ginen tarihi: tsakanin farar ƙasa da laso

A Turai, galibin gine-ginen da aka yi kafin ƙarni na 19 da kwaɓin farar ƙasa da rairayi aka ɗaure su, abin da Faransanci ke kira mortier de chaux. Ana gasa dutsen farar ƙasa a zafin digiri kusan 900, a jiƙa shi, a kwaɓa. Bayan an yi gini, kwaɓin yana shan iskar karbon sannu a hankali har ya koma dutse. Ruwa da gishiri su ke warware wannan ɗauri, shafe ya riƙa zuba kamar gari.

Tsohuwar dabarar gyara ita ce shayar da bango ruwan farar ƙasa. Sai dai lita guda ba ta narkar da fiye da giram 1,7, shi ya sa akan maimaita sau da dama, bangon kuwa ya sha ruwan da ba ya bukata. Wajen shekara ta 2000 masana a jami'ar Fulorans ta Italiya suka fito da ƙwayoyin farar ƙasa ƙanana ƙwarai, waɗanda ake zubawa cikin alkol. Alkol ya bushe, ƙwayoyin su zauna cikin kofofin shafe su daskare. Amfaninsu a fili yake, amma sau da yawa ba su shiga da zurfi, kuma sukan bar farin hazo a fuskar bango.

A ƙasar Hausa lamarin daban ne. Daga garuruwan Tasawa da Mayayi, irin su Baudeta, har fadar sarkin Damagaram, ginin gargajiya na ƙasa ne. Abin da ya fi kusa da kwaɓin Turai shi ne laso: katsi, wato laka da tokar da ke kwanciya a gindin karofi, a busar a ƙona, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara. Tokar itace tana ɗauke da sinadarin alli, ƙonawa kuma tana mai da wani sashensa farar ƙasa. Ke nan, bisa ƙa'ida, shafen laso na iya karɓar waccan dabara, makuba kuwa a'a, don ita ɗaurinta daga ɓawon ɗorawa yake fitowa. Wannan zato ne da ke jiran gwaji.

Babbar matsalar ma ba ta sinadari ba ce. Barth ya tarar da marina tana aiki a Tasawa a 1851. Yau marinu sun ragu, katsi ya yi wuya, sai magina su koma ga siminti. Siminti kuwa ya fi bangon ƙasa tauri, yana tsare damshi a ciki, bango ya ruɓe a ɓoye har shafen ya ɓalle falle guda. Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta yarda da dabarun zamani ne kawai inda na gargajiya suka kasa, kuma bayan an tabbatar da ingancinsu. A ganinmu, kafin a sayo magani daga waje, ya kamata a auna ainihin abin da ke cikin katsi, marina bayan marina.