Fatalwa a Wurin Sinawa da Matsayin 'Ya a Gidan Ubanta

A wurin Bahaushen Dutse Uku, unguwar da ke ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, fatalwa abar tsoro ce da ake ba da labarinta da dare, kuma malamai kan kore zancen da cewa wanda ya shiga kabari ba ya dawowa, abin da aka gani ko dai aljani ne ko kuwa ido ne ya yi gizo. Sinawa kuwa sun ɗauki lamarin ta fuskar zumunci. A gargajiyarsu, mamacin da zuriyarsa ke ajiye masa abinci, suna ƙona masa kuɗin takarda domin ya kashe a lahira, shi ne kaka mai albarka, wanda ya rasa mai yi masa haka kuwa shi ake kira gui, wato fatalwa mai yawo da yunwa, kuma domin irinsa ake bikin Zhongyuan a ranar 15 ga wata na 7 na kalandarsu, inda ake ajiye abinci a bakin hanya.

Wannan tsari ya tsananta wa 'ya mace, domin hidimar matattu ta layin maza take bi, kuma allon da ake rubuta sunan mace bayan rasuwarta a gidan mijinta ake kafa shi. Budurwar da ta rasu kafin aure ba ta da gurbi a cikin kakannin gidan da aka haife ta, komai son da ubanta yake yi mata. Daga nan minghun, wato auren matattu, ya samu gindin zama: uba kan nema wa marigayiyar miji, mamaci ko rayayye, domin ta samu gidan da za a riƙa tunawa da ita. Abin yana da ban ƙyama ga baƙo, amma tushensa tausayi ne, ko da yake a wannan zamani ya jawo satar gawarwaki a wasu lardunan arewacin ƙasar.

Ta ɓangaren 'ya kuma, Sinawa na tunawa da Cao E, yarinya 'yar Shangyu da ke lardin Zhejiang na yau, wadda mahaifinta ya nitse a kogi a shekarar 143. An ruwaito cewa ta kwana 17 tana kuka a gaɓa saboda ba a ga gawarsa ba, sannan ta faɗa ruwan, daga baya gawarta ta taso rungume da tasa. Kogin yana ɗauke da sunanta har yau.

A gidan Bahaushe ƙaunar uba ɓoyayya ce, har alkunya kan hana shi ambatar sunan 'yarsa ta fari, sai dai mutuwa ba ta fitar da 'ya daga gidansu. Tana da rabonta na gado, rabin na namiji, kuma addu'arta ga mahaifinta karɓaɓɓiya ce a wurin malamai kamar ta ɗan'uwanta. Saɓanin da ke akwai a Jos ya tsaya ne kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, waɗanda ƙungiyar Izala, da Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a garin a 1978, take ɗauka bidi'a, alhali mabiya ɗariƙu na ci gaba da yin su.